Soyayyar ƙauye, ta dandali, ko ta garinmu? Ku zo mu raɗa wa waɗannan littattafai suna

1/
Jama'a, taimako nake nema, kuma na san nan ba a rasa masu bakin magana. Ƙanwata da ke karatu a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya, ta ɗora mini aikin da ya hana ni sakat tun ranar Juma'a. A zaurensu na WhatsApp na masu karance-karance aka ce ta yi sharhi da Hausa a kan littattafan Turancin nan da take ƙura wa ido a waya dare da rana. Ta rubuta layi biyu ta cije. "Yaya, wai me ake ce musu da Hausa?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ji wayam.

2/
Turawa suna ce musu "small-town romance", wani lokaci su ƙara da kalmar "cozy". Ga wanda bai taɓa karantawa ba, kusan duk tafiyarsu ɗaya. Wata mace ce ke aiki a Landan ko wani babban birnin Amurka. Aikin ya ishe ta, ko an sallame ta, ko wanda za ta aura ya yi mata halin maza. Sai ga saƙo kakarta ta rasu, ta bar mata gidan burodi ko ɗan masauki a wani gari can bayan duwatsu ko bakin teku, inda titin kwalta ɗaya ne, wurin shan shayi ɗaya. Ta tafi da niyyar ta sayar ta juyo cikin sati biyu. Ta tarar rufin gidan yana yoyo. Kafinta ɗaya ne a garin kaf, kuma ba shi da fara'a. Kun san sauran.

3/
To wannan "kun san sauran" ɗin shi ake saya da kuɗi. A kasuwar littattafan soyayya ta Turawa ƙa'ida ce labari ya ƙare masoya suna tare cikin daɗi, marubucin da ya kashe ɗaya a shafin ƙarshe kuwa ya ci amanar masu karatu. Kamfanin Mills & Boon na Ingila tun 1908 yake, Harlequin na Kanada ya zo a 1949, ya saye na Ingilan a 1971. Yayyenmu da suka yi makarantar kwana sun san ƙananan littattafan nan da ake miƙawa ta ƙarƙashin tebur har bango ya fita. Tashar Hallmark ta Amurka ma duk ƙarshen shekara irin wannan labarin take zubowa a fim, gari ƙarami, dusar ƙanƙara, mace ta dawo gida.

4/
Na gwada labarin a kan Gwaggo. Ita ba ta karatun boko, amma littafin Hausa da ake karantawa a rediyo ba ya wuce ta. Tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa a faranti, ƙanwata ta kwashe labarin ta ba ta tun daga farko. Gwaggo ta saurara har aka zo ƙarshe, sannan ta ɗago.

"To ina kishiyar?"

Aka ce babu.

"Uwar mijin fa? Ba ta je wurin boka ba?"

Aka ce uwar mijin ce ma ta haɗa su.

Ta mayar da kai kan farantinta. "Ikon Allah. To me aka rubuta har ya cika littafi?"

Mun yi dariya, amma tambayarta ce ta nuna mini me ya sa sunan yake wahala. "Littafin soyayya" kawai ba zai wadatar ba, domin mai karatun Hausa da ya ji haka ya riga ya tanadi hawaye: auren dole, makircin kishiya, gado, asiri. Tun fil azal haka muka taso. Jiki Magayi, wanda John Tafida ɗan Wusasa ya rubuta tare da Rupert East a shekarun 1930, labarin soyayya ne da mai kuɗi ya shiga tsakani, ya ƙare da ramuwar gayya.

5/
Shawarar farko da ta shigo, kuma mutum kusan goma suka maimaita ta: "soyayyar ƙauye". Ban karɓa ba. Fassarar ba ta yi kuskure ba, kalmar ce take da kaya a kanta. Daga ƙauye muka samu baƙauye da ƙauyanci, kuma duk zagi ne. Ka ce "soyayyar ƙauye", abin da zai faɗo wa mutum a rai fim ɗin camama ne, saurayi da hula a karkace yana miƙa wa budurwa rake a bakin rijiya. Sannan a littattafanmu ƙauye wurin da ake gudowa ne. Yarinya tana tallar fura, Alhaji ya gan ta, shafi ɗari gaba tana Abuja, shafi ɗari biyu tana Dubai. Nasu kuwa motar baya take komawa. Ba za mu ɗauki kalmar da ke nufin wurin tserewa mu laƙaba wa wurin da ake marmarin komawa ba.

6/
"Soyayyar karkara" kuma warin ofis take yi. Ina jin ta sai na tuna rijiyar burtsatse da rabon taki.

7/
Wata 'yar'uwa daga Samaru ta kawo "soyayyar dandali", kuma wallahi na so ta. Farin wata, 'yan mata suna gaɗa, samari a gefe suna leƙe, tsofaffi suna gani suna yi kamar ba su gani ba. Daidai yanayin. Matsalar ita ce an riga mu. Tun da aka ce Facebook da ire-irensa dandalin sada zumunta ne, kalmar ta tashi daga ƙofar gidan mai unguwa ta koma cikin waya. Yau ka ce wa ɗan shekara ashirin soyayyar dandali, zai ɗauka wadda aka ƙulla ta akwatin saƙo kake nufi, irin wadda ke ƙarewa da "turo mini kati".

8/
Yanzu ga inda na fi daɗewa, kalmar "cozy". Wani malami ya ce a fassara ta da "mai ɗumi", domin asalinta ke nan: ɗaki a rufe, wuta na ci a murhu, bargo, abin sha mai zafi, waje kuma ƙanƙara. Gaskiya ne. Mu ma a Zariya mun san daɗin ɗumi, wanda ya taɓa fitowa sallar asuba a watan Janairu, hazo ya rufe ko'ina, leɓe ya tsage, ya san darajar mai shayi da mai ƙosai. Amma wata nawa ne wannan a shekara? Sauran watannin inuwa muke nema.

Ku duba yadda harshen ya gina jin daɗi. In an faranta maka, ranka ya yi sanyi. Ɗa nagari sanyin ido ne. Mai haƙuri da taushin hali muna cewa yana da sanyin hali. In muka yi wa mamaci addu'a, cewa muke Allah ya sanyaya makwanci. Zafi kuwa yana wajen ɓacin rai: zafin rai, zafin kai, zafin kishi, magana mai zafi. Wato abin da Bature ya ajiye a gefen murhu, Bahaushe a gindin bishiya ya ajiye shi, kusa da randa. Ɗumi a bakinmu ya fi tafiya da labarai, "da ɗumi-ɗuminsa". Wani Bakatsine ma ya tunatar da ni cewa a wajensu ɗumi surutu ne, ke nan "soyayya mai ɗumi" ta zama ta masu hayaniya.

9/
Sai na ce shi ke nan, "soyayya mai sanyi". Ƙanwata ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Yaya, ba ka jin masu lasifika a kasuwar Sabon Gari? Maganin sanyi, maganin sanyi!" Na janye. Ban da haka ma, in aka ce abu ya yi sanyi, ana iya nufin ya mutu murus, ba armashi. Abin da ya tsira shi ne aikatau ɗin: sanyaya rai. "Littafin sanyaya-rai." Wannan ba ya karkata ko'ina. Na ajiye shi a gefe.

10/
Masu cewa "barkwanci", ku yi haƙuri, ya yi yawa. Ba don a tuntsire da dariya ake rubuta su ba. Raha ce, irin tsokanar da ke tsakanin abokan wasa, kaka da jika, ko Bazazzagi da wanda ya zo yana kwaikwayon "matana ne". Murmushi ake yi ana juya shafi.

11/
Wani ya tambaye ni me ya kawo duk wannan wahala, a rubuta kalmar Turancin kawai mana. Haba, a Zariya? Garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin da aka kafa kamfanin ɗab'i na Gaskiya a Tukur-Tukur? Wanda ya fara cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ai bai bi Turancin kalma da kalma ba, aikin majalisar ya duba ya ga ɗinki ne. Kuma suna yana mannewa. A shekarun 1990 aka kira littattafan soyayyarmu Adabin Kasuwar Kano, ba don yabo ba, marubutan suka yi ta musu, har yau sunan bai sake su ba. In za a raɗa, gara a raɗa mai kyau tun ranar suna.

12/
Amsar ba a nan na same ta ba, a Kwangila na tsince ta jiya da yamma. Na tsaya sayen lemo, wani yaro mai gyaran waya yana rufe shagonsa da wuri. Maƙwabcinsa ya ce ina zuwa? Ya ce, "Garinmu zan je, gobe ɗaurin auren abokina." Yadda ya faɗi kalmar, fuskarsa duk ta saki. Ban san ko Maƙarfi yake nufi ba, ko Hunkuyi, ko Soba. Bai ce ƙauye ba, ko da kuwa gida talatin ne a wurin. Ba wanda ke zagin wani da garinmu.

Ku auna abin da ke cikin kalmar. Akwai nisa, domin wanda ke zaune a wuri ba ya yawan cewa garinmu, sai wanda ya bar shi. Akwai ƙanƙanta, wurin da in ka sauka a mota kafin ka kai gida labari ya riga ka. Akwai tsohuwar da za ta kalle ka ta ce "ba kai ne jikan wance ba?", ta kuma tambaye ka yaushe za a sha biki. Wannan tsohuwar tana cikin kowane ɗaya daga littattafan nan, sai dai ita tasu wando take sawa tana gasa kek.

13/
An kawo suka biyu. Na farko: garin da ke cikin littafin a Amurka yake, ta yaya ya zama namu? Ai dama marubutan ƙirƙirar garuruwan suke yi, yawancinsu ba sa kan taswira, an gina su ne don kowane mai karatu ya ji kamar nasa ne. Na biyu daga wani ɗan birni: shi an haife shi a Ƙofar Doka, garinsu ba ƙarami ba ne. Malam, shiga lungunku ka tsaya da wata budurwa minti biyar bayan la'asar, ka ga ko labari bai kai wa mahaifiyarka ba kafin magariba.

14/
Akwai saƙon da ya shigo mini ta gefe wanda ya sa na yi shiru. Wata baiwar Allah ce daga wajen Giwa, ta ce shekarunta uku ba ta kwana a garinsu ba saboda 'yan bindiga. Ta ce abin da take nema a littattafan nan ba kafintan ba ne. Garin take so, inda ake barin ƙofa a buɗe, babbar fitinar shekara kuma ita ce wa zai ci gasar girki. Ta zaɓi "garinmu" ita ma.

15/
To ga inda na tsaya. Nau'in littafin: soyayyar garinmu. Yanayinsa, wato abin da suke nufi da "cozy": sanyaya-rai, kuma wannan zai yi wa wasu littattafan aiki ko da ba na soyayya ba ne. Na gwada su a baki. "Anti, kina da wani na soyayyar garinmu ki tura mini?" Ya zauna. "Yau ba na son mai kuka, na sanyaya-rai nake so." Shi ma ya zauna. Mai wadda ta fi wannan ya kawo, amma ya fara faɗa wa kakarsa ya ga ko za ta ce "me?"

16/
Ƙanwata ta tura sharhinta ɗazu da sabon sunan. Tana cikin karanta mini amsoshin mutane Gwaggo ta leƙo daga ɗaki, carbi a hannu.

"Ke, wannan kafintan naku marar fara'a. Ya gyara mata rufin kuwa, ko har damina ta shigo?"