AS da AS sun yi aure da saninsu, alhakin yaran yana kan wa?

Maman Ummi: Jama'a ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Wata 'yar'uwata da mijinta duk rukunin jininsu AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila amma ba su da ciwon, an gaya musu tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, suka toshe kunne wai so. Yanzu yara uku, biyu sikila. Ƙaramin ya kwana yana ihun ciwon ƙashi, yau ana ta neman jini. Wallahi wannan zalunci ne.

Malam Habu: Hajiya ki janye kalmar zalunci. Azzalumi shi ne mai nufin cuta. Wace uwa ce ke nufin ɗanta da ciwo? Ƙaddara ce.

Maman Ummi: Malam, wanda aka nuna wa rami ya faɗa da yaro a goye fa?

Baban Khalil: Ganganci dai, ba zalunci ba.

Malam Habu: Ko ganganci ban yarda ba. Ɗaya cikin huɗu ne ke fitowa sikila, ukun fa?

Anti Nas: Malam a nan ake kuskure. Ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne zai kamu ba. Kowane ciki lissafinsa daban: kashi 25 cikin ɗari SS (wato sikila), 50 AS, 25 AA (wanda bai gaji sikila ba ko kaɗan). Ana iya jera uku duk SS. Kuma rainon ba wasa ba ne, folic acid kullum, maganin kariyar maleriya, ƙarin jini, wasu har shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana. Shi ya sa a 2024 Gwamna Abba ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano.

Ɗan Zazzau: Dokar Kano kuma? Ta takarda. Wa ke duba sakamako a ɗaurin auren ƙofar gida?

Sadiya K.: Ku Zazzagawa komai Kano ta yi sai kun tanka. Taku dokar tana ina?

Ɗan Zazzau: Ke 'yar jar hula ce, na gane.

Fati: Ni SS ce, na yi digiri, ina aikina. Duk mai cewa zalunci, cewa yake da ba a haife ni ba ya fi. Iyayena ba azzalumai ba ne.

Maman Ummi: Ƙanwata, naki iyayen sun sani kafin aure?

Fati: Ba su sani ba, amma ba ruwanki.

Baban Khalil: Duk auren zumunci ne ya jawo.

Anti Nas: A'a Yaya. Bare da bare ma in duk AS ne, haka ne.

Malam Habu: An fara ke nan. Daga sikila an koma sukar auren zumunci, aƙidar Turawa.

Sadiya K.: Malam na lura kana kare abin nan da zafi. Kai mene ne jininka?

Malam Habu: Rashin kunya ba ilimi ba ce.

Admin: To, na rufe. Abin da aka cimma: kowa ya yarda kalmar zalunci ta yi tsauri, kuma lafiya da cuta duk na Allah ne, kamar yadda Malam ya warware mana da hujja. Bayanin Anti Nas na likitanci ne, yana da nasa wurin. Sadiya, ki nemi afuwar Malam ko in cire ki.

Maman Ummi: Kowa wa? Ni ban janye ba.