In'ina ta same ni da girmana, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 38, tun tasowata ban taɓa in'ina ba. Ni malamin makaranta ne, bakina shi ne jarina.

Wata 4 da suka wuce na faɗi a kan babur, kaina ya bugu. Bayan kamar mako biyu sai magana ta fara sarƙe mini. Kalmar tana raina sarai, amma in na zo faɗa sai ta maƙale, har a tsakiyarta, ba farko kaɗai ba. Ran nan kiran sunan ɗalibi ya gagare ni, aji ya yi tsit, gumi ya karyo mini.

An ɗauki hoton ƙwaƙwalwata, likita ya ce babu taruwar jini, babu alamar shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya ɗaure mini kai: in'inar yarinta, wadda kan fara tsakanin shekara 2 da 5, takan saki mutum in yana waƙa. Tawa ko a nan ba ta sakina.

Wurin likitan jijiyoyi zan koma, ko ƙwararren gyaran magana? Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali, me ya taimake shi?