Afish ɗin fim ya tsaya mini a wuya, ku ba ni shawara

Ɗan Ader: Salamu alaikum ƴan uwa. A Tawa nake, tun ina lekol nake zane a bayan kaye. Baba ya so in bi yayyena Abijan ci-rani, na ƙi, har yau maganar ba ta mutu a gida ba. To yayan wani abokina ya haɗa fim na gaskiya kan matan Keita, nan cikin jihar Tawa, waɗanda tun 1984 suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna tare zaizayar ƙasa. Ya ce in zana afish, a Yamai za a nuna, gidan al'adu na Umaru Ganda. Na zana hannuwan wata tsohuwa riƙe da dutse, jijiyoyi duk sun fito, jar ƙasa a baya. Da aka buga gwaji, jan ya dushe ya koma launin laka. Yanzu kuma ya ce hoton fuskarta yake so. Wallahi barci ya ƙaurace mini.

Mai Injin Bugu: Ƙanena, laifin ba na inji ba ne. Da RGB ka yi aiki, launin fuskar ordinateri, alhali inji da CMYK yake bugu. Ka maida shi CMYK, 300 dpi (ma'aunin kyan hoto a bugu), ka bar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Girman takarda A2 ne? Santimita 42 da 59,4. Sannan ka sa fuska. Mai wucewa a kan moto fuska yake gani.

Ɗan Ader: Yaya, na gode, amma hannun nan shi ne labarin. Duk wanda ya je Keita ya san haka.

Ƴar Birnin Ƙonni: Kar ka cire hannun! Ni dai nawa kuka yi? Bara na yi wa wata ƙungiya tambari, har yau "sai an sako kuɗi" nake ji. Ba kafin alƙalami, ba aiki.

Mai Injin Bugu: Hajiya, yaro ne mai tasowa, suna yake nema tukuna. Mai fim shi ke da fim. Shekaru ina buga afish, ban ga wanda aka cika ɗaki saboda hannu ba.

Malamin Lise: An tambayi tsohuwar kafin a manna fuskarta a bangon Yamai? A ƙauye wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan Ader: Maganar kuɗi ba mu yi ba, ɗan gida ne, da kunya. Tsohuwa kuwa ai mai fim ne ya ɗauki hotonta, ni zane kawai na yi. Kuma jan nan da gangan na zaɓe shi, haka ƙasarmu take.

Mai Injin Bugu: Turo mini in gani.

Ɗan Ader: Sai intanet ya daidaita, yaya. Amma hannun ba zan taɓa shi ba.