Takalmi Mai Igiya da Kalmar "Lalaci": Muhawara a Zauren Iyaye

Uwar yaro:
Assalamu alaikum iyaye. Na kwana da wani abu a raina, ina so in ji ra'ayinku kafin in koma makarantar gobe. Ɗana yana da shekara 3 da wata 4, wannan zangon ya shiga nazare. Jiya da na je ɗauko shi sai na tarar da shi zaune shi kaɗai a bakin ƙofar aji, takalminsa a hannu, sauran yara duk suna filin wasa, saboda ya kasa ɗaure igiya kuma ba a samu wanda ya tsaya ya ɗaure masa ba. A jakarsa kuma na ga takarda cewa daga yanzu kowane yaro ya zo da takalmin da zai iya sawa da cirewa da kansa, rigar sanyi ma haka. Shin daidai ne a ɗora wa yaron da bai cika shekara 4 ba wannan nauyi? Ni dai a ganina lalaci ne aka ba shi sunan tarbiyya.

Malamar nazare:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na tausaya wa yaron, amma kalmar "lalaci" ta yi nauyi, kuma ba zan iya wuce ta ba. Ki ƙaddara aji mai yara 20, ƙafafu 40 ke nan. Idan kowane yaro ya ci minti 1 wajen ɗaurin igiya, minti 20 sun tafi, alhali ana cire takalmi ana mayarwa fiye da sau ɗaya a yini. Duk lokacin da malama ta sunkuya kan igiyar yaro ɗaya, idonta ya bar sauran 19, kuma a irin wannan lokacin ne wani yake hawa tebur, wani ya cusa abu a baki. Wadda ta yini a tsaye tana share hanci, tana raka yara banɗaki, tana raba faɗa, ba ta cancanci a kira ta malalaciya ba.

Uwar tagwaye:
Malama, ki sake karantawa da kyau. Ba ta ce wa kowa malalaciya ba, ta ce tsarin lalaci ne. Akwai bambanci tsakanin sukar aiki da zagin mai aiki.

Malamar nazare:
Hajiya, lalaci ba ya yin kansa, sai da mai yin sa. Duk wanda ya ce aikinka lalaci ne ya riga ya faɗi ko kai wane ne, ko da bai ambaci sunanka ba.

Uwar tagwaye:
In haka ne, babu ranar da uwa za ta buɗe baki kan abin da aka yi wa ɗanta, domin kowace kalma za a ce ta taɓa mutuncin malamai. Mun sha ganin haka a zauren nan, da zarar an ambaci makaranta sai malamai su haɗa kai tun ba su ji ƙarshen magana ba.

Baban 'yan mata:
Ku yi haƙuri in sa baki. Idan har za a yi maganar lalaci, to a fara dubawa a gida. Ya fi wa uwa ko uba sauƙi ya cusa ƙafar yaro a takalmi cikin daƙiƙa kaɗan da ya tsaya minti 5 yana kallonsa yana fama. Mu ne muke zaɓar hanya mai sauƙi kowace safiya, sannan mu ga laifin malamar da ta ƙi bin mu a kanta.

Uwar tagwaye:
Malam, da girmamawa nake tambaya, a makon nan sau nawa kai da kanka ka shirya 'ya'yanka zuwa makaranta? Wanda bai taɓa shirya yara biyu masu shekara 3 a lokaci ɗaya ba, ɗaya yana kuka ɗaya ya ɓoye safa, bai kamata ya ce wa iyaye mata suna neman sauƙi ba.

Baban 'yan mata:
Na ce uwa ko uba, ban ware mata ba. Kuma ni nake sa wa ƙaramarmu takalmi kusan kullum, shi ya sa na san abin da nake faɗa.

Uwar tagwaye:
Ka ga ke nan kai ma kana sa mata, ba ita take sawa ba.

Goggo:
'Ya'yana, kuna ta jifan juna da kalmar da ba ta dace da kowa ba. Abin da uwa take yi da safe gaggawa ne, abin da malama take yi kuma dabara ce ta mai yara da yawa. Malalaci shi ne wanda yake da hali da lokaci ya ƙi yi. Ni dai na yarda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa yana riƙe da iccen ne a hannunsa, ba ya barinsa ya tafi.

Ma'aikaciyar lafiyar yara:
Ina so a raba abubuwa biyu da aka cakuɗa. Sa takalmi daban, ɗaure igiya daban. Yawancin yara masu shekara 3 suna iya zura ƙafa a takalmi mai faɗin baki su danna abin mannewa, ko da sukan sa na dama a hagu, wanda ba abin damuwa ba ne a wannan shekarun. Ɗaurin igiya kuwa yana buƙatar yatsun hannu biyu su yi aiki tare a jere, kuma galibi sai wajen shekara 5 zuwa 7 yake zama. Saboda haka yaron nan bai gaza a komai ba, an ba shi aikin da ya fi shekarunsa ne. Abin da nake tsoro shi ne iyaye su ji an ce "mai sauƙin sawa" su sayo takalmi mai girma sosai ko silifas marar maɗaurin dunduniya. Ƙafar babba tana da ƙashi 26, amma ta ƙaramin yaro da yawanta guringuntsi ne da bai gama ƙwari ba, kuma takalmin da yake zamewa yana sa yaro ya riƙa danƙe shi da yatsu yana tuntuɓe. A bar tazarar kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da ƙarshen gaban takalmi, a kuma sake gwadawa duk bayan wata 3 ko 4, domin ƙafa tana saurin girma a wannan lokacin.

Malamar nazare:
Na gode, kin tabbatar da maganata. Takardar ba ta ce yaro ya iya ɗaure igiya ba, ta ce a kawo takalmin da zai iya. Ina lalaci a nan?

Uwar tagwaye:
A'a, maganata ta tabbatar. Ta ce an ba shi aikin da ya fi shekarunsa.

Baban 'yan mata:
Ai maganin ya daɗe da samuwa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya lura a 1941 da yadda wata ƙaya mai kama da ƙarangiya take maƙale wa tufafinsa da gashin karensa, ya duba ta a madubin ƙara girma ya ga ƙananan ƙugiyoyi, daga nan ya ƙirƙiro Velcro, aka yi masa rajista a 1955. Takalmi mai wannan abin mannewa ya raba gardama.

Goggo:
Bai raba ba, ɗana. Na ga yara sun kai shekara 9 ba su iya ɗaure igiya ba saboda tun tasowarsu mai mannewa kawai suka sani. Idan ana son yaro ya dogara da kansa, ba a ɗauke masa abin koyo gaba ɗaya.

Malamar nazare:
Goggo, koyon igiya a gida ake yin sa, ranar hutu, a tsanake. Kuma koya wa yaro shirya kansa ba sabon abu ba ne da malamai suka ƙirƙiro don su huta. Maria Montessori, likita ce 'yar Italiya, ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, kuma cikin kayan koyarwarta har da firam-firam na katako masu maɓalli da igiya don yara su gwada da hannunsu. Ita ma za a ce malalaciya ce?

Uwar tagwaye:
Kin faɗa da bakinki, Malama: ta tanadi abin gwaji a cikin aji, ana nuna wa yaro yana maimaitawa. Ba ta tura wa iyaye takarda ta ce su gama koyarwa a gida ba. Ki daina maido mu kan "malalaciya", ke kaɗai kike faɗar ta.

Shugabar zaure:
Ya isa haka, iyaye. A matsayina na wadda ta daɗe a aji kafin ta yi ritaya, ga abin da na fahimta. Kusan kowa ya yarda cewa kalmar "lalaci" kuskure ce, kuma ya kamata 'yar uwarmu ta janye ta. An tabbatar, har daga bakin ma'aikaciyar lafiya, cewa ƙa'idar makarantar tana kan hanya, kuma matsalar ta taso ne daga zaɓen takalmi mai igiya. An kuma nuna cewa iyaye su ne suke da babban kaso na aikin, malamai kuwa suna iya ƙoƙarinsu. Shawarata ita ce a sayi mai mannewa, a raba sitika gida biyu a manna rabi a cikin kowane takalmi, yadda idan yaro ya haɗa hoton daidai zai gane dama da hagu. Ina roƙon a bar maganar a nan.

Uwar yaro:
Hajiya, na janye kalmar, kuma ina ba Malama haƙuri tunda ta ɓata mata rai. Amma ban ga inda kusan kowa ya yarda ba, kuma har yanzu ba a taɓa abin da ya hana ni barci ba. Takardar ta zo ne a ranar da aka bar shi a bakin ƙofa, ba kafin nan ba, don haka ban san da wata ƙa'ida ba lokacin da na sa masa takalmin. Zan sayo mai mannewa yau da yamma, in zaunar da shi ya gwada. Gobe kuma zan tambayi malamarsa minti nawa ya yi a zaune a wurin shi kaɗai, da kuma wanda yake kallonsa a lokacin.