Muhawara kan "Peluca": dariyar ƙauna ce ko ta raini?

Mai Kyamara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na sake kallon Peluca, gajeren fim ɗin da Jared Hess ya yi yana ɗalibi a Jami'ar Brigham Young ta Amurka. Bai kai minti goma ba, baƙi da fari ne, an ɗauke shi a garin Preston na jihar Idaho da kuɗin da bai wuce dala 500 ba. Labarin wani yaro ne mai suna Seth, irin yaran nan da tafiyarsu daban, maganarsu daban, ba su iya zama cikin tsara ba. Ya tsere daga makaranta da abokansa biyu, suka ƙare a shagon gwanjo suna neman hular gashi saboda ɗayansu an yi masa ƙwal-kwabo. Matsayina shi ne: fim ɗin nan ƙaunar yaron yake yi, ba raina shi ba. Kuma mai cewa rashin kuɗi ne ya hana shi yin fim, ya je ya kalla.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Yaya, dala 500 ɗin nan tana ruɗar mutane. Ɗalibin sashen fim ne, da malamai a kansa, kuma Jon Heder da ya fito a Seth abokin karatunsa ne. Idan ka lissafa wannan duka, ai ba ɗari biyar ba ce.

Mai Kyamara: Na karɓi wannan, ƙanena. Amma wayar da ke aljihunka ta rage maka tsadar zaren fim da wankinsa.

Maman Ikram: Ku bar zancen kuɗi tukuna, ni ɗayar maganar ce ta tsaya mini. Malam, ni malamar sakandare ce, kuma babu ajin da na shiga ban tarar da Seth ɗinsa ba. Yana can kujerar baya, baki a sake, idan ya ɗaga hannu aji ya fara murmushi tun bai furta komai ba. Na san dariyar da ake yi wa irin wannan yaro, na san yadda yake sunkuyar da kai bayanta. Da na kalli fim ɗin, ita na ji tana fitowa daga bakina, kuma ban ji daɗin kaina ba. Kyamara ta tsaya a kan fuskarsa, ta daɗe, ba don mu fahimce shi ba, don mu ƙare masa kallo.

Baffa Wudil: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan tausayi. Amma ki tuna da marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa. Sau nawa ya fito a baƙauyen da birni ya ruɗa? Su wa suka fi sonsa? Mutanen karkara. Domin ɗan Ɗanlasan ne, a cikinsu ya tashi, ya san yadda suke zama da yadda suke ciniki. Shi ma wannan Bature, Jared Hess, a Preston ya yi sakandare, garin da mutanensa ba su fi dubu biyar da wani abu ba. Tsokanar ɗan gida daban take, kamar wasan Fulani da Barebari.

Maman Ikram: Baffa, a gafarce ni, amma abokin wasa yana ramawa. Bafulatani ya faɗa, Babarbare ya mayar, a tashi kunnen doki. Seth da wa zai rama? Kuma waɗanda suka fara kallonsa a bikin fina-finai na Slamdance a 2003 ba 'yan Preston ba ne, baƙi ne da suka taru daga manyan birane. Ko da aka faɗaɗa labarin ya zama Napoleon Dynamite a 2004, Roger Ebert, fitaccen mai sharhin fim, tauraro ɗaya da rabi ya ba shi cikin huɗu. Ba ni kaɗai abin ya tsaya wa a wuya ba.

Ɗan Fagge: Anti, amma dogon fim ɗin da aka yi da kusan dala 400,000 ya kawo sama da miliyan 40. Har majalisar dokokin Idaho ta zartar da ƙudurin yabon Hess da matarsa Jerusha a 2005. Da sun ji an zage su, za su yaba?

Maman Ikram: 'Yan majalisa ba su ne ke zaune a kujerar baya ba, ƙanena.

Mai Kyamara: Malama, ki dubi sunan fim ɗin. Peluca da Sifaniyanci hular gashi ke nan. Ba a sa masa sunan wautar Seth ba, an sa masa sunan abin da abokinsa yake bukata don ya iya shiga mutane. Yaran nan uku da gaskensu suke a shagon nan, damuwar ɗaya ta zama ta duka. A ajinmu ni ne Seth, har na gama sakandare ana kwaikwayon tafiyata. Wallahi da na ga wurin nan, abokina guda ɗaya da bai taɓa yi mini dariya ba na tuna.

Maman Ikram: Allah sarki. Ban san da wannan ba, Malam. Wurin shagon na ba ka, zan sake kallonsa daren nan. Amma har yanzu ba zan nuna wa ajina fim ɗin ba, don na san sunan da za su laƙaba wa yaron nan kafin a tashi tara.