Neman shawara: zanen kan sarki na cikar wayar salula shekara 25 a Nijeriya

Ɗalibin zane, Ƙofar Kaura, Katsina:

Assalamu alaikum. Malaminmu ya ba mu aikin zana kan sarki na tunawa da cikar wayar salula shekara 25 a Nijeriya, wato daga 2001 zuwa 2026. A zanena na farko na sa hasumiyar Gobarau a gefen hagu, ƙarfen sabis a gefen dama, tauraron ɗan'adam a sama, sannan taswirar ƙasa da wayar hannu a tsakiya. A kan babbar takarda ya yi kyau, amma da na rage shi sai komai ya cakuɗe. Me ya kamata in cire, kuma shin ya dace a sa alamar Katsina a kan sarkin da ƙasa baki ɗaya za ta yi amfani da shi?

Tsohon ma'aikacin gidan waya, Daura:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara da sanin cewa filin da kake da shi bai wuce santimita 4 a tsawo da 3 a faɗi ba, kuma ba dukansa ne naka ba. Ƙa'idar ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, wadda aka kafa a 1874, ita ce kan sarki ya ɗauki sunan ƙasar da ta fitar da shi da haruffan boko, tare da kuɗinsa. Birtaniya ce kaɗai ba ta rubuta sunanta, saboda ita ta fara fitar da kan sarki a 1840. Saboda haka ka ware wa kalmar NIGERIA da farashi gurbinsu tun kafin ka ɗora fensir, ka kuma bar ɗan sarari a gefuna huɗu, domin injin da ke huda layin yagewa ba kullum yake faɗawa daidai ba.

Akwai abin da masu zane kan manta, wanda mu da muka zauna a bayan kantar gidan waya ba ma mantawa, shi ne hatimi. Da zarar an manna kan sarki a ambulan, baƙin tawada mai sunan gari da kwanan wata zai sauka a kansa, yakan kuma rufe kusan rabinsa. Zanen da ke da siraran layuka da launi mai duhu yakan ɓace gaba ɗaya, wanda kuwa ke da siffa guda ɗaya babba a kan fili mai haske yakan tsira. Ka buga zanenka a ainihin girmansa, ka manna a ambulan, ka miƙe hannunka ka duba. Duk abin da idonka bai gane ba daga nan, to ka cire shi.

Injiniyan sadarwa, Katsina:

Ina tare da Baba, kuma ina ganin abu na farko da ya kamata ya fita shi ne tauraron ɗan'adam, domin ba nasa ba ne bikin. Kiran salula yana tashi ne daga wayar hannu zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, daga nan ya bi na'urorin da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe ko kuma kebul ɗin da aka binne a ƙasa. Tauraron sadarwa na Nijeriya, NigComSat-1, sai a 2007 aka harba shi, ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa a Disamba 2011. Wannan wani tarihi ne daban.

Ka kuma kula da rubutun. Kada ka ce "shekara 25 na sadarwa", domin tun a 1886 aka haɗa Legas da Landan da kebul na ƙarƙashin teku, an yi zamanin P&T, wato tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho, an kuma kafa kamfanin tarho na gwamnati, NITEL, a 1985. Mu da muka girma a nan mun san wayar tarho mai lambar gari 065. Abin da ya faru a 2001 shi ne hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula ta GSM a watan Janairu, kowane lasisi a kan dala miliyan 285, sannan aka fara kira a watan Agusta, a lokacin da layukan tarho a faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Haka kuma ka guji tambari ko launin da ya keɓanta da wani kamfani, tun da kan sarki na hukumar gidajen waya ta ƙasa, NIPOST, ne, ba allon talla ba ne.

Malamar tarihi, Sabuwar Unguwa, Katsina:

Injiniya, na yarda a cire tauraron, amma ƙarfen sabis ma ban ga abin da zai faɗa wa mai kallo ba, domin na Katsina da na Kenya kamarsu ɗaya. Abin da 'yan Nijeriya suka gani da idonsu a farkon zamanin salula shi ne teburin buga waya a bakin titi: babbar lema, kujerar roba, wayar hannu guda ɗaya, da littafin da ake rubuta mintuna. A lokacin kamfanoni na cajin naira 50 a minti ɗaya, ko da mutum ya yi magana ta daƙiƙa goma, har sai da aka shigo da lissafin daƙiƙa a 2003. Mutanen da ba su da halin sayen layi a wannan tebur suka fara jin muryar 'ya'yansu da ke ci-rani a Legas ko Fatakwal. Lema siffa ce mai sauƙi, za a gane ta ko da an ƙanƙanta ta, kuma hatimi ba zai kashe ta ba.

Game da Gobarau, ƙanena, ni ba zan sa ta a wannan zane ba. Ta cancanci kan sarki nata na kanta, kamar yadda rijiyar Kusugu ta cancanta, amma idan aka jingina ta da ƙarfen sabis, mai kallo a Inugu zai ɗauka bikin na Katsina ne kawai.

Tsohon ma'aikacin gidan waya, Daura:

Malama, akwai hanyar da ba sai an yar da Gobarau ba. Irin wannan kan sarki na tunawa sau da yawa jeri ake fitarwa, guda uku ko huɗu masu farashi daban-daban, tare da ambulan na musamman na ranar farko da aka fitar da su, wanda ke da nasa hoton da nasa hatimin. Idan malaminku ya amince, ɗana, ka raba aikin: ɗaya ya ɗauki lemar, ɗaya ya ɗauki ƙarfen sabis a bayan rumbunan ƙauye, ɗaya kuma hannun tsohuwa riƙe da waya. Gobarau kuwa ka kai ta kan ambulan ɗin, inda fili ya ishe ta. Sai dai ka riƙe salon haruffa ɗaya da gurbin farashi ɗaya a dukansu, domin a gane cewa jeri guda ne.

Ɗalibin zane, Ƙofar Kaura, Katsina:

Na gode, Baba, Malama da Injiniya, Allah ya saka da alheri. Kan sarki ɗaya aka ce mu kawo, don haka zan ɗauki lemar, in rubuta "2001–2026" a ƙarƙashinta, in kuma haɗa da zanen ambulan a matsayin ƙari. Abin da ya rage mini shi ne launin lemar, tun da kusan kowane launi mai haske akwai kamfanin da aka san shi da shi. Ina tunanin yin ta da ratsin fari da kore mai duhu irin na tutar ƙasa.