Jitata tana ƙugi a wurin biki: in sauya fikof ko akwai wata dabara?

Ɗan Agadas:
Assalamu alaikum 'yan uwa makaɗa. Shawara nake nema, don Allah masu sani su taimaka.

Ina da jitar lantarki, Squier ƙirar Stratocaster, ta hannu na saye ta shekara huɗu da suka wuce, da ita nake kiɗan biki. Fikof uku ne a jikinta, wato abubuwan da ke ɗaukar sautin tsirkiya su kai wa amfilifaya, duk masu naɗin waya ɗaya. Mu nan mikro muke ce musu, amma na ga a nan fikof ake cewa. Damuwata biyu ce. Ta farko ƙugi: da na buɗe amfilifaya sai ka ji zuuu kamar zuma ta shiga tulu, musamman in a kan injin wuta muke. Makon jiya sai da uwar amarya ta aiko yaro wai mu kashe abin nan mai kuka. Ta biyu, fikof ɗin da ke kusa da jaki, inda tsirkiyoyi ke hawa a gindin jitar, sautinsa siriri ne, yana soka kunne, amma duk da haka ganga da tafi suna shanye ni in na shiga kiɗa ni kaɗai.

Na tara jikka saba'in na sefa, kuma ɗan gwaggona zai dawo daga Faransa nan da wata biyu, zai iya riƙo mini kaya. Wani abokina ya ce in cire duka ukun in sa hambaka, fikof mai naɗi biyu, magana ta ƙare. Ni kuma tsorona kada in rasa sautin nan mai tsabta da kowace tsirkiya take fita da bakinta. Me kuka gani?

Yaron Kaduna:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗi gaskiya. Sa hambakan Seymour Duncan JB a wajen jaki, ko ka sayi fikof na kamfanin EMG gaba ɗaya. Ni EMG nake amfani da su, ko tari ba sa yi. Ka taka distoshin, na'urar da ke sa sauti gurnani, ka ji yadda unguwa za ta amsa.

Injiniya Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Shekaruna da yawa ina gyaran amfilifaya da jita a Kano, kuma sau da dama mutum yana kawo mini fikof sabo fil ya ce in ɗaura, in ɗaura, ƙugi yana nan inda yake. Ba kowane ƙugi ne laifin fikof ba.

Ga yadda abin yake. Fikof ba wani abu ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, mai kamar gashi, naɗi wajen dubu bakwai zuwa takwas a irin naka. Tsirkiya ta motsa a kansa, sai 'yar wuta ta taso a cikin naɗin. Matsalar ita ce naɗin bai san bambanci ba, duk wani motsin wuta da ke kusa yana kwasa: taransifomar amfilifaya, inji, fitila, cajar waya. Wutarmu a Nijar da Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka 60, wannan juyin ne kake ji yana zuuu. In inji ne, ka lura muryar ƙugin tana hawa tana sauka duk lokacin da aka ɗora masa kaya.

Yi mini gwaji uku ka dawo. Ɗaya, kana rataye da jitar, ka juya jikinka a hankali kamar mai neman sabis. In ƙugin yana raguwa a wata fuska yana ƙaruwa a wata, naɗin ne ke kwasa. Biyu, ɗora hannu a kan tsirkiyoyi ka ɗauke. In ya ragu da ka taɓa, wayar ƙasa tana aiki, rufin ƙarfe mai kare wayoyi daga ƙugi ne babu a cikin jitar. In babu abin da ya canza, wayar da ke zuwa bayan jaki ta tsinke. In kuwa ƙaruwa ya yi, wani ya juya wayoyin ramin da ake soka kebul. Uku, kai makunnin da ke zaɓar fikof matsayi na 2 da na 4 ka saurara. Kuma ka ari kebul ɗin wani ka gwada, kebul mai arha ya sa mutane da yawa asarar kuɗi.

Baba Hailaif, Kumasi:
Yaro, na fara kiɗa tun kafin a haifi babanka wataƙila. Ka saurari Injiniya. Ni abin da zan ƙara game da kunne ne.

Hambaka naɗi biyu ne gefe da gefe, ɗaya yana soke ƙugin ɗaya. Seth Lover ya ƙirƙira shi a kamfanin Gibson, suka nemi rajistarsa a 1955, ya hau kan jitarsu Les Paul a 1957. Yana kashe ƙugi, babu musu. Amma sautinsa mai kauri ne, mai duhu, saman nan mai ƙyalli yana raguwa. Kiɗan ƙasarku na san shi: babban yatsa yana riƙe da tsirkiyar ƙasa tana ta amsawa, sauran yatsu suna gudu a sama. Irin wannan yana son kowace murya ta fita daban. Dubi Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, bahago, Stratocaster yake riƙewa. JB ɗin da yaron can ya ambata fikof ne mai kyau, amma an naɗe shi da yawa don ya tura amfilifaya ta yi gurnani. Ka sa shi, za ka yi ƙarfi, sai dai ba za ka gane muryarka ba.

Af, matsayi na 2 da na 4 da Injiniya ya ce, da babu su. Stratocaster ta fito a 1954 da makunni mai tsayawa uku, makaɗa suka riƙa maƙale shi a tsakani, wasu har da tsinken ashana. Sai a 1977 kamfanin Fender, masu ƙera ta, suka sa mai biyar.

Ka kuma duba tsayin fikof ɗinka. Danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuyan jitar, ratar da ke tsakaninta da kan maganaɗisu ta kai milimita biyu zuwa biyu da rabi. In ya matso da yawa, maganaɗisu yana jan tsirkiya, sauti ya riƙa rawa kamar ba a saita ba. Sukudireba kawai ake buƙata.

Yaron Kaduna:
Baba, da girmanka, amma a wurin biki wa yake jin wannan bambancin? Ƙugi ne mutane ke ji.

Baba Hailaif, Kumasi:
Mai kiɗan yana ji, ɗana. Kuma ka gaya masa gaskiya: EMG batir mai bolt 9 yake ci, kuma sai an sauya duk maballan murɗa sauti zuwa masu lamba 25k. Ka bar kebul a jiki, batir yana ta ƙarewa ko ba ka kiɗa. Ranar da ya mutu ana tsakiyar rawa a wani ƙauye, ina zai samo wani?

Ɗan Agadas:
Na gode Baba, na gode Injiniya. Na yi gwajin a gida. In na juya, ƙugin yana raguwa a fuska ɗaya. In na taɓa tsirkiya yana raguwa sosai. A 2 da 4 kusan shiru, amma akwai wani tsss da ya rage. Na kuma kwance farantin fuskar jitar na leƙa: katako ne tsirara a ciki, kuma a ƙarƙashin kowane fikof akwai wani baƙin ƙarfe a manne.

Injiniya Sabon Gari:
Madalla, yanzu mun san inda muke. Shirun da ka ji a 2 da 4, saboda na tsakiyar an naɗe shi a juye ne, maganaɗisunsa ma a juye, in ya haɗu da maƙwabcinsa sai su zama kamar hambaka. Ke nan zuuu ɗin na fikof ne, tsss ɗin kuma rashin rufi ne. Baƙin ƙarfen da ka gani maganaɗisun siramik ne, shi ake sa wa jita masu arha. Masu tsada alniko ne, haɗin alminiyam da nikel da kobalt, kuma sandunan shidan da kake gani su kansu ne maganaɗisun.

Aiki biyu da ba sa cin kuɗi. Na farko, ka shimfiɗa tef ɗin jan ƙarfe a cikin ramukan da bayan farantin, ko'ina ya haɗu da juna, sannan a haɗa shi da wayar ƙasa. In ba a haɗa ba, aikin banza ne. Na biyu shi ne maganin sokar kunne. A tsohon haɗin Stratocaster, maballan tausasa sauti biyun na fikof ɗin wuya ne da na tsakiya, na jaki ba shi da ko ɗaya. Murɗa na ƙasan kana matsayi na jaki, in babu abin da ya canza, haka taka take. Waya ɗaya za a ɗauke daga wani ƙafa na makunni a liƙa a wani da dalma, mai gyaran rediyo zai yi maka cikin minti goma. Daga nan ka rage maballin zuwa shida ko bakwai, ka ji yadda kaifin zai kwanta.

Sai maganar da ta fi duka. Injin da kuke kiɗa a kansa, an kafa masa ƙarfe a ƙasa? Tsirkiyoyinka a haɗe suke da jikin amfilifaya ta kebul. In wuta ta zube a ciki kuma ba ta da hanyar shiga ƙasa, kai ne hanyar. Les Harvey, makaɗin jita ɗan Sikotilan, haka ya rasu a kan dandamali a Swansea a 1972, ya taɓa makirufo mai wuta. In ka taɓa jin leɓenka ya yi tsirr a kan makirufo, tsaya nan take. Ku sa mai aikin wuta ya kafa muku rodi, kuma da yake ƙasarku busasshen rairayi ce, a zuba ruwa a gindinsa. Kada wani ya ce ka karya ƙafar filogi ta uku don ƙugi ya ragu.

Mai Jitar Kwaya, Jos:
Ɗan uwa, bayan ka yi duk wannan, zuuu ɗin zai ci gaba a matsayi na jaki, domin tef ba ya hana shi. In a nan kake yawan kiɗa, fikof ɗaya kawai za ka sauya. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, jikka saba'in ɗinka Yuro 106 ne da 'yan kai. Wannan kusan kuɗin guda ɗaya ne daga manyan kamfanoni, ko saitin uku daga masu sauƙi irin Tonerider ko Wilkinson. Saitin ukun alniko zai fi naka daɗi, amma ƙugi yana nan. Ni zan ce ka nemi mai naɗi biyu a ɗore, ɗaya kan ɗaya, da ke shiga ramin mai naɗi ɗaya, kamar jerin Area na DiMarzio ko Noiseless na Fender. Ba ya ƙugi, sautinsa kuma bai yi nisa da wanda ka saba ba. Hot Rails ma yana shiga ramin, amma shi hambaka ne sosai a kunne. Cikakken hambaka kuwa sai ka yanka farantin, wataƙila har katako, ka kuma sauya maballin 250k zuwa 500k.

Kuskure biyu na yi, kada ka maimaita. Na saya a intanet da rabin kuɗi, kwali da tambari duk daidai, na sa shi yana ihu da zarar na ƙara sauti. Jabu ne, ko a kakin da ke hana ihu ba a tsoma shi ba. Ɗan gwaggonka ya shiga shagon kayan kiɗa na gaske ya karɓi rasit. Na biyu, da na sa na gasken, matsayi na 2 ya koma kamar mai mura yana magana ta hanci. Ashe wayoyinsa biyu ne ke son a musanya, domin kowane kamfani da launin wayarsa. Ka bi takardar da ke cikin kwalin.

Yaya Mai Bes, Yamai:
Ƙanena, ka auna zurfin ramin kafin ka aika saƙo, irin masu ɗoren nan wasu sun fi na asali tsawo. Kuma tsohon da za ka cire, ka nannaɗe shi ka ajiye.

Yaron Kaduna:
To na ji. Amma ni dai ina nan kan EMG ɗina.

Ɗan Agadas:
Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Ga inda na kwana. Mai gyaran rediyon unguwarmu ya ɗauke wayar nan, kuma wallahi na jakin ya daina cizo, jiya a kan bakwai na yi kiɗa har dare. Na sauke shi kaɗan kamar yadda Baba ya ce. Injin kuwa babu rodi ko ɗaya, mai shi har dariya ya yi mini, amma na ce ba zan ƙara jonawa ba sai an kafa, ranar Asabar za a yi. Tef ɗin jan ƙarfe ban samu a kasuwa ba, na sa shi cikin saƙon Faransa tare da guda ɗaya na DiMarzio.

Injiniya, kafin ya iso, takardar alminiyam ta naɗe nama za ta yi? Dalma ta ƙi kama ta.

Injiniya Sabon Gari:
Za ta yi, mai kaurin. Dalma ba ta kama alminiyam, kada ka wahalar da kanka. Manna ta da gam, ka bar gefunan su hau kan juna sosai, sannan ka ɗaure wayar ƙasa da ƙaramin sukuru ya ratsa takardar ya shiga katako. Ka ari mita ka duba daga wannan rami zuwa wancan cewa sun haɗu. Kuma ka kula kada ta taɓa ƙafafun makunni, in ta taɓa jitar za ta yi shiru gaba ɗaya.